Ɓawon Fai Ba Tare Da Alkama Ba: Nasiha Ga Matasa Masu Koyon Gashi

A Amurka, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar Bikin Godiya. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da shi bikin ƙasa baki ɗaya a 1863, majalisar dokoki kuma ta tsayar da shi a kan wannan Alhamis ɗin a 1941. Dangi kan taru daga nesa da kusa, a gasa talo-talo, a ci a ƙoshi, sannan a fito da abin da yara suka yini suna leƙe a kicin, wato fai. Faranti ne mai ɗan zurfi da ake shimfiɗa wa kwaɓin fulawa da bota, a cika shi da haɗin kabewa da madara da ƙwai, ko tuffa, ko dankali mai zaƙi kamar yadda baƙaƙen fata na kudancin ƙasar suka fi so, a gasa har bakin ɓawon ya yi ja. A Ingila kuwa Kirsimeti ba ta cika sai da ƙananan fai masu busassun 'ya'yan itace da kayan ƙamshi. Al'adar fai ɗin kabewa ta daɗe, domin littafin girkin da Amelia Simmons ta fitar a Amurka a 1796 ma yana ɗauke da haɗin kabewa da ake gasawa cikin ɓawo.

Sai dai ba kowa ke iya miƙa hannu ba. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya na ɗauke da cutar siliyak, kuma ga irin wannan mutum yanki ɗaya na fai ɗin alkama na iya zama kwanakin ciwon ciki. Wannan ne ya sa a ƙasashen da ake waɗannan bukukuwa, ɓawon fai marar gulutin ya zama abin da mai gida ke koya tun kafin baƙi su iso. Matasanmu ma abin ya zo musu gida: akwai ɗaliban da ke karatu a waje ana gayyatarsu irin waɗannan taruka, akwai 'yan mata da samarin da suka riƙi gashin kek da mit-fai sana'a a Kano da Kaduna da Jos, kuma ba za a rasa mai saye da zai tambaya ko akwai wanda ba alkama ba.

Gulutin sinadarin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai. Idan ruwa ya taɓa fulawa aka murza, shi ne ke sa kwaɓin ya yi danƙo yana miƙewa, shi ne kuma ke riƙe iskar yis har burodi da funkaso su tashi. A cikin mai siliyak, garkuwar jiki kan ɗauki wannan furotin a matsayin abokin gaba, a garin yaƙarsa sai ta lalata 'yan tsirarrun da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji, waɗanda ta nan abinci ke shiga jini. Daga nan sai gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, rama, yaro ya tsumbure ya ƙi girma. Har yau babu ƙwayar da ke warkar da ita. Maganinta shi ne barin gulutin har abada.

An daɗe ana ganin cutar ba a san tushenta ba. Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya bayyana alamominta dalla-dalla a 1888, ya kuma hango cewa maganin na cikin abinci, amma bai kama alkama ba. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya kama ta. Ya daɗe yana zarginta, sai yunwar da ta afka wa ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙara masa hujja: da burodi ya yi wuya, yaran da ke fama da wannan ciwo suka samu sauƙi, da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. A 1950 ya gabatar da sakamakon bincikensa a Jami'ar Utrecht. Kuma kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. A 1999 likitan Italiya Carlo Catassi da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi wa yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, inda suka samu alamar cutar a jikin kashi 5.6 cikin ɗari, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa.

Don haka matashin da baƙonsa ya ce masa ba ya cin alkama, bai kamata ya ɗauka yanga ce ko iyayi ba, balle ya ce ɗan kaɗan ba zai yi komai ba. Wani bincike na 2007 ya nuna cewa miligiram 50 na gulutin a kullum, tsawon wata uku, ya isa ya taɓa hanjin mai siliyak, alhali yankan burodi guda na ɗauke da wajen giram 2. Shi kuma wanda yake zargin yana da cutar, kada ya yi gaban kansa ya daina cin alkama kafin ya ga likita, domin gwajin jinin da na hanjin ba sa nuna gaskiya sai mutum na ci. Mai lafiya lau kuwa ya sani cire alkama ba ya mai da fai abincin rage ƙiba. Bota da sukarin suna nan daram.

Abin daɗin shi ne, cikin duk kayan gashi, ɓawon fai na cikin waɗanda suka fi sauƙin rabuwa da alkama. Mai burodi neman gulutin yake, shi ya sa yake murza kwaɓi har gumi ya karyo masa. Mai fai kuwa gudunsa yake. Duk ƙa'idojin da ake koya wa ɗalibin gashi, kada ya cika ruwa, kada ya murza da yawa, ya bar kwaɓi ya huta, an kafa su ne don kada gulutin ya yi ƙarfi ɓawo ya yi tauri ko ya tsuke a cikin faranti. Wanda ke aiki da garin da ba shi da gulutin ya huta da wannan fargaba. Tasa matsalar ta ɗaya gefen ce: kwaɓinsa ba ya son haɗuwa, yana tsagewa wurin murji, in kuma garin bai yi laushi ba sai a ji tsaki-tsaki a baki. Duka ukun suna da magani.

Maganin farko shi ne kada a dogara da gari ɗaya. Fulawar da ake sayarwa a kantunan Amurka da Turai da tambarin babu gulutin, in aka karanta bayan ledar, galibi garin shinkafa ne da sitacin rogo da na dankalin Turawa, wani lokaci da garin dawa. A can kayan tsada ne, a nan kuwa cimar yau da kullum ce: Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, tana kuma sahun farko a noman dawa, yayin da mafi yawan alkamar da take ci daga waje ake shigo da ita. Kowane gari da aikinsa. Na shinkafa shi ne jiki, ba shi da ɗanɗanon da zai danne na cikin fai, kuma shinkafar tuwo ta fi wadda aka turara dacewa. Na dawa na kawo ƙamshi da launi, farfara ta fi kaura laushin ɗanɗano. Sitaci, na rogo ko na masara wanda ake kira konfulawa, shi ke sa ɓawo ya yi sauƙi a baki ya kuma ɗan haɗe. Gero da acca ma ba su da gulutin, ana iya sa su a madadin dawa, sai dai gero na saurin canza ɗanɗano in garinsa ya kwana biyu. Ko wanne aka zaɓa, a niƙa shi liƙis, a tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi.

Magani na biyu shi ne abin ɗauri. Duk wadda ta taɓa kwaɓa ɗan wake ta san amfanin kuka a ciki: ita ce ke riƙe garin kada ya watse a tukunya. Wannan aikin ne zantan gam ke yi a gashin da ba alkama. Farin gari ne da ake samu idan wata ƙwayar bakteriya ta ci sukari, kuma masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka a garin Peoria, ƙarƙashin jagorancin Allene Jeanes, su suka gano shi. Ana samunsa a shagunan kayan kek. Kaɗan ake sawa, domin in ya yi yawa ɓawon kan yi yauƙi. Ƙwai ma ɗauri ne mai kyau, kuma in ba a samu zantan ba, ƙwai kaɗai zai riƙe ɓawon da za a danna da hannu cikin faranti, ko da bai murzu ba.

Ga awon da zai ishi faranti mai faɗin santimita 23: garin shinkafa giram 110, garin dawa giram 40, sitaci giram 40, bota mai sanyi giram 100, ƙwai ɗaya, sukari babban cokali ɗaya, gishiri rabin cokalin shayi, zantan gam rabin cokalin shayi, ruwan lemon tsami cokalin shayi biyu, sai ruwan ƙanƙara babban cokali ɗaya zuwa biyu. A nan sikeli ya fi kofi gaskiya. Kofin garin shinkafa da kofin sitaci ba nauyinsu ɗaya ba, kuma hannun da ya danna gari a kofi da wanda ya zuba sama-sama ba za su samu sakamako ɗaya ba. Matashin da ke son abin da ya yi kyau yau ya sake yin kyau gobe, ya sayi ƙaramin sikelin kicin tun kafin ya sayi faranti na biyu.

A haɗa busassun kayan a kwano a juya sosai, don zantan ya bi ko'ina. A yanka bota ƙanana a zuba, a riƙa murtsuke ta da kan yatsu, ba da tafin hannu ba, saboda tafi ya fi ɗumi. Ba so ake ta ɓace cikin gari ba. A tsaya lokacin da wasu gutsattsarin suka koma girman ƙwayar wake, sauran kuma suka bi gari. A kaɗa ƙwai da lemon tsami a zuba, a juya da cokali mai yatsu, sannan a riƙa ɗiga ruwan ƙanƙara. Gwajin mai sauƙi ne: a damƙi kwaɓin a hannu, in ya dunƙule ya ɗauki shatin yatsu bai rushe ba, ya isa, in ya tsage ya zube, a ƙara rabin cokali. Wannan kwaɓi ya fi na alkama son ruwa, gara ya ɗan yi taushi da ya bushe.

Waɗannan gutsattsarin bota su ne sirrin abin. Botar madarar shanu kusan kashi 80 cikin ɗari mai ce, mafi yawan ragowar kuma ruwa. In ta shiga wuta da sanyinta, ruwan kan zama tururi ya ɗaga kwaɓin, ya bar 'yan ramukan da ke sa ɓawo ya riƙa ɓarewa salo-salo. In kuwa ta narke tun a kwano, sai gari ya shanye ta, a samu ɓawo mai maiƙo da nauyi. Bota na narkewa tsakanin digiri 32 da 35, ga shi a watan Afrilu zafin Kano ko Maraɗi kan kai digiri 40. Saboda haka mai gashi a ƙasarmu ya yi aikinsa da sassafe, ya sa kwano da gari a firij tukuna, in babu wuta ya ɗora kwanon a kan wani mai ƙanƙara. Masu bikin Kirsimeti da na sabuwar shekara sun yi dace, hunturu na taya su. Soyayyen man shanu na ba da ƙamshi, amma an riga an ƙone ruwansa, don haka ɓawonsa zai yi garas-garas ne, ba zai yi salo ba. Majarin mai tauri na iya maye gurbin bota, mai laushin da ake shafa wa burodi kuwa bai dace ba.

Magani na uku shi ne hutu. A dunƙule kwaɓin a baje shi ya yi faifai, a naɗe da leda, a sa a firij aƙalla awa ɗaya, in da hali ya kwana. Garin shinkafa ba ya shan ruwa da wuri, kuma wannan jiran ne ke kashe tsakin da ake ji a baki. Nan ne matasa suka fi faɗuwa, don baƙi na hanya, waya na ƙara, sai a ce minti goma ma ya isa. Bai isa ba.

In an fito da shi a bar shi minti biyar zuwa goma ya ɗan saki. A sa shi tsakanin takardar gashi biyu, ko leda mai tsabta da aka tsaga, a murza daga tsakiya zuwa baki ana juya takardar, har kaurinsa ya kai kamar milimita 3 ko 4, faɗinsa kuma santimita 30. Wanda ba shi da abin murji, kwalba mai santsi ta wadatar, in an cika ta da ruwan sanyi ma ya fi. A ɓare takardar sama, a kifa kwaɓin a kan faranti, a ɓare ta ƙasa a hankali. Zai tsage a wani wuri, ba makawa, kuma ba abin damuwa ba ne: a ɗebo ɗan gutsure daga baki, a jiƙa yatsa, a liƙe. Da yake babu gulutin da zai yi tauri, ko sau uku aka sake dunƙulewa aka murza ba abin da zai lalace, muddin botar ba ta narke ba. A gyara bakin, a sossoki ƙasan da cokali mai yatsu, a mai da shi firij na minti 20.

Fai mai ruwa-ruwa irin na kabewa na buƙatar a fara gasa ɓawon shi kaɗai, in ba haka ba ƙasansa zai fito a jiƙe. A zafafa obin zuwa digiri 190. A shimfiɗa takardar gashi a cikin ɓawon, a cika da busasshen wake don ya danne shi, a gasa minti 15 zuwa 18, a kwashe waken, a ƙara minti 8 zuwa 10 har ƙasan ya bushe ya fara launi. Farantin ƙarfe ya fi na tangaran kai zafi ƙasa. In bakin ya fara duhu tun ciki bai nuna ba, a rufe shi da siririyar takardar alminiyom.

Haɗin kabewar ba shi da wuya. A dafa ko a gasa kabewa, a tsane ruwanta sosai, a markaɗa a auni giram 425. A zuba ƙwai biyu, madarar ruwa ta gwangwani mililita 350, sukari giram 150, kirfa cokalin shayi ɗaya, garin citta rabin cokali, ɗan kanumfari da ɗan gishiri. A juye cikin ɓawon a gasa a digiri 175 na minti 45 zuwa 55. Ya nuna idan gefe ya tsaya, tsakiya kuma na ɗan rawa in an girgiza farantin. A bar shi ya huce sarai kafin wuƙa ta taɓa shi. Fai ɗin tuffa ko mangwaro kan buƙaci abin kauri, kuma a nan ne hannu ke zarcewa ga gwangwanin fulawa bisa sabo. Sitacin masara ko na rogo za a sa.

Wanda ba shi da obin ma ba a bar shi a baya ba. A daka dabino marar ƙwallo giram 150 da soyayyiyar gyaɗa ko yazawa giram 200 da ɗan gishiri har su haɗe, a danna a faranti da gindin kofi, a sa a firij ya ƙame, a cika da kastad mai kauri ko yogot da 'ya'yan itace. Sai dai a tambayi baƙi tukuna, domin akwai waɗanda gyaɗa ke tayar wa da rashin lafiya mai tsanani.

Saura abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato tsabta. Ma'aunin da hukumar abinci ta duniya Codex ta amince da shi, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta mayar doka a 2013, shi ne ba a kiran abinci marar gulutin sai gulutin ɗin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Wannan ɗan mitsitsin adadi ne, kuma kicin ɗinmu cike yake da hanyoyin ƙetare shi. Injin niƙa na unguwa da ya gama niƙa alkamar alkaki ko ta funkaso, in aka zuba masa shinkafa, garin da zai fito ya riga ya gurɓata. Mafita ita ce a niƙa a gida da bilenda mai tsabta, ko a sayi garin da ke da tambarin tabbaci. Rariyar da ta saba tankaɗe fulawa na riƙe ta a ramukanta, haka abin murjin katako da allon yanka. Ƙurar fulawa kan tashi ta sauka a kan komai, don haka a fara yin marar alkama, a rufe shi a ajiye, sannan a buɗe buhun fulawa. Robar botar da aka tsoma wa wuƙar burodi ba ta shiga wannan aiki. A kuma karanta bayan kowane gwangwani da leda, saboda alkama da sha'ir kan ɓuya a garin kastad na wasu kamfanoni, da kayan ɗanɗano, da abin sha na malt. Wurin rabawa ma a ware masa wuƙarsa da farantinsa.

Ga masu sana'a, wannan batu amana ne. Yarinyar da ke tallata kayanta a Instagram ko WhatsApp, in ta san a tebur ɗaya take murza mit-fai na fulawa da wannan, gaskiyar da za ta rubuta ita ce ba a sa alkama a ciki ba amma an yi shi a kicin da ake aiki da alkama. Mai sayen da ke guje wa alkama don ra'ayi zai saya, mai siliyak kuma zai san matsayinsa ya yanke wa kansa hukunci.

Kada ranar biki ta zama ranar gwajin farko. Garin dawar wannan kasuwa da na waccan ba sa shan ruwa daidai, kowane obin kuma da halinsa, saboda haka a gwada mako guda kafin Sallah ko Kirsimeti, a rubuta abin da aka ƙara da abin da aka rage. Ɗanyen kwaɓin na kwana biyu a firij, a firiza kuma yana kai wata biyu in an naɗe shi da kyau. Fai ɗin kabewa, da yake akwai ƙwai da madara, kada ya wuce awa biyu a waje bayan ya huce, a zafin bazara ma awa ɗaya, a sa shi a firij, kuma a cinye shi cikin kwana uku. Ragowar kwaɓin da aka gyare daga bakin faranti ba ta zubarwa ba ce: a sake murzawa, a yanka ƙanana, a barbaɗa sukari da kirfa, a gasa minti 10 zuwa 12 a sha shayi da su.